Ƙarfen Garma Dabam, Ƙarfen Ƙofa Dabam

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Gyaɗi-Gyaɗi ya nufi Unguwa Uku, ko kuwa ya ratsa ta cikin Darmanawa da Tarauni, ba zai rasa jin ƙarar guduma ba, ba zai kuma rasa ganin walƙiyar masu walda a bakin titi ba. Dattawan wajen suna iya tuna lokacin da yawancin filayen nan gonakin gero ne da dawa da gyaɗa. Yau birni ya cinye su. Har Farm Centre, wadda sunanta ma na gona ne, yanzu an fi saninta da kasuwar wayar hannu. Amma noma bai rabu da unguwannin nan ba, sai dai ya sake kama. Hanyar Zariya ita ce ke kai mutum Kura da Kadawa da Garun Malam da Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ya sa ake noma rani da damina. Manoman can da na sauran ƙauyuka sukan shigo birni neman bakin garma, da keken shanu, da injin sussuka, da injin ɓarar gyaɗa, ko kuwa su kawo wanda ya lalace a gyara musu.

To, abin da ya sa aka ɗauko wannan magana shi ne, manomi yakan biya kuɗin ƙarfe ba tare da ya san irin ƙarfen da ya saya ba. In zai sayi sa, sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa. In zai sayi iri, sai ya tauna ya ji. Amma in aka zo kan garma, da ya ga ta sha koren fenti tana ƙyalli, shi ke nan sai ciniki. Fenti kuwa ba ya huɗa.

Ga misalin abin da kan faru kusan kowace shekara. Ruwan shuka ya sauka cikin watan Yuni. Manomi ya fito da garma ya tarar bakinta ya cinye tun bara. Ya hau mota ya shigo birni a gurguje, ya tsaya wurin mai walda na farko da ya gani, wanda aikinsa kullum ƙofofi ne da tagogi. Ya ce, “Malam, a taimake ni da bakin garma yau yau ɗin nan, ƙasa tana shirin bushewa.” Mai walda ya ce, “Baba, zauna, yanzu za a yi.” Ya jawo guntun fallen ƙarfe da ya rage daga aikin ƙofa, ya yanka, ya huda, ya wasa, ya shafa fenti. Ba cuta ya yi niyya ba, abin da ya saba da shi ke nan. Manomi ya koma gida da murna. Kwana kaɗan bakin ya dakushe, ya lanƙwashe, garma ta daina shiga ƙasa, shanu suna ja da ƙyar, mai riƙo yana dannawa har kafaɗa ta yi tsami. Kafin ya sake dawowa birni ya koma, laima ta tafi, sai jiran wani ruwa. Daminar Kano kuwa gajeriya ce, wata huɗu ne in ta yi kyau. Malaman gona na Samaru sun daɗe suna faɗa cewa gyaɗar da aka makara shukawa ba ta kamo wadda aka shuka da wuri. Kuɗin bakin garma kaɗan ne. Hasarar tana cikin rumbu, da kaka.

Daga Tama Zuwa Gwangwan

Kano ba baƙuwar ƙarfe ba ce. Labarin kafuwarta ma da maƙera ya fara, watau Abagayawa da aka ce sun zo daga Gaya suna neman tama, suka same ta a dutsen Dala. Masu binciken tarihi sun sami alamun narka tama a gindin Dala tun wajen ƙarni na 7. Ɗaruruwan shekaru ana haƙo tama, ana narka ta da gawayi, ana kai wa maƙera su ƙera fartanya da garma da sungumi da lauje da gatari. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ƙarfen Turawa da tarkacen reluwe, daga baya kuma na motoci, suka samu a arha. Sannu a hankali aka bar wahalar narka tama. Tun daga lokacin nan maƙerin Kano ya zama mai ƙira da tsohon ƙarfe.

Garmar shanu kuwa Ma'aikatar Gona ce ta shigo da ita wajen ƙarshen shekarun 1920. Wadda ta fi karɓuwa ita ce garmar huɗa da ake kira Emcot, ƙirar kamfanin Ransomes na garin Ipswich a Ingila. Daga baya aka riƙa yin ta a Zariya, sa'an nan maƙera da masu walda suka kwaikwaya, har yau yawancin garmunan da ke gonaki aikin hannunsu ne. Wannan abin yabo ne, gama da ana jiran ta zo daga Ingila, da talaka bai mallake ta ba.

Wani zai ce, ashe ba a yin ƙarfe a Nijeriya? An yi niyya. A 1979 Gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da Rashawa su gina babbar masana'anta a Ajaokuta, wadda za ta narka tamar Itakpe. Har yanzu babban tanderunta bai narka tama ba. An buɗe ta Aladja a 1982, aka kuma gina masana'antu uku na murza ƙarfe a Katsina da Jos da Osogbo, amma abin da aka shirya su yi shi ne rodi da waya, watau kayan gini. Masana'antun 'yan kasuwa da ke narka tsoffin ƙarafa a yau su ma rodi ne babban aikinsu. Saboda haka ƙarfe mai tauri da aikin gona ke bukata hanya biyu ce gare shi: ko dai a shigo da shi sabo daga ƙasashen waje ta Ikko, ko kuwa a tsince shi cikin gwangwan. Da darajar Naira ta faɗi daga 2023, sabon ya yi tsada ƙwarai. Tsohon ma bai tsira ba, domin masu narkawa suna saye a kan sikeli, mota-mota, ba su damu ko sifirin ne ko tsohon gado ba. Yaron jari-bola da ke yawo da kura a Darmanawa, sikeli yake kai wa kayansa. Maƙerin da ke son ƙarfen kirki tilas ya riga sikeli, ko ya bi shi Ƙofar Ruwa ya zaɓa ya biya riba a kai.

Kada kuma a raina tsohon ƙarfe. A 1837 wani maƙeri a Amurka, John Deere, ya ƙera garmarsa ta farko da karyayyen zarto na injin yanka katako. Sunansa ne a jikin korayen taraktocin nan har yau. Abin dubawa shi ne wane irin ƙarfe ne, kuma a ina za a sa shi.

Gawayin Da Ke Cikin Ƙarfe

Abin da ya raba ƙarfe da ƙarfe shi ne wani sinadari da ake kira kabon, wanda shi ne asalin gawayi. Kaɗan ne ƙwarai a ciki, amma shi ke da iko, kamar gishiri a miya. A auna kilo 100 na ƙarfen ƙofa da taga, watau falle da bututu da ƙarfe mai kusurwa, kabon ɗin da ke ciki ba ya wuce rubu'in kilo. Wannan shi ne ƙarfe mai taushi. Yana yankuwa, yana huduwa, yana lanƙwasuwa, yana karɓar walda ba gardama. Amma ko an gasa shi ya yi ja an tsoma a ruwa sau goma, ba zai yi taurin kirki ba. Sandar ƙarfen nan da ke juya ƙafafun mota tana da wajen giram 400 cikin kilo 100, ita ce tsaka-tsaki. Sifirin na babbar mota yana da wajen giram 600, ƙarfen dogo da faifan garmar tarakta sun ɗan fi haka, magagari kuwa ya kai kilo guda ko fiye. Waɗannan su ne masu tauri, su ke riƙe kaifi. In kabon ya haura kilo 2, to an shiga ƙarfen zubi, irin na faifan injin niƙa da gangar jikin injin mota. Shi ba ya ƙiruwa, ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe kamar tukunya.

Ka'idar guda ce: gwargwadon yawan kabon, gwargwadon tauri, gwargwadon kuma ƙin walda. Saboda haka kowane kayan aiki na gona haɗin gambiza ne. A garmar shanu, ganga da hannuwa ƙarfe mai taushi ya ishe su, muddin yana da kauri. Kunnuwan da ke juya ƙasa suna son abin da ya fi haka juriya. Baki kuwa, wanda shi ke cin ƙasa, lalle ne ya zama sifirin ko faifan tarakta ko makamancinsu. Ƙasar jigawa irin ta Kano tana yi wa manomi sauƙin huɗa, amma rairayinta dutsen washi ne, yini guda yana goga baki ba hutu. Laka ta fadama ba ta cin ƙarfe haka, sai dai ta fi nauyin ja, ita ganga take gwadawa.

Turawan Ransomes sun gane wannan tun da daɗewa. A 1803 Robert Ransome ya fito da dabarar zuba bakin garma yadda ƙasansa zai fi samansa tauri, don in sama yana cinyewa da sauri baki ya riƙa wasa kansa. Mai walda na yau yana iya yin kusa da haka in ya shimfiɗa tsinken walda mai tauri a gefe guda na baki kaɗai. Kaɗan ne suka san wannan, kuma tsinken yana da tsada, amma ga mai huɗar haya wanda shanunsa ba sa hutawa, yana biyan kuɗinsa.

Yadda Ake Gane Shi

Ba a bukatar makaranta kafin a gwada ƙarfe. Tsofaffin maƙera suna yi tun kafin a haifi masu walda, kuma manomi yana iya tsayawa a yi a gabansa.

Hanya mafi sauƙi ita ce magagari. A goga shi a bakin garmar da aka ce an taurara. In ya kama yana ci yana zubar da gari, to ƙarfen ƙofa ne, ko kuwa ba a taurara shi ba. In yana zamewa, da ƙyar yake barin alama, to an dace. Magagari ba shi da tsada, ya kamata kowane mai garma ya ajiye ɗaya a aljihu ranar ciniki, ko da mai sayarwa zai ɓata rai.

Sai tartsatsi. A ɗora ƙarfen a kan dutsen washi na lantarki, a inuwa, a duba. Mai taushi yakan fitar da tartsatsi dogaye, miƙaƙƙu, masu 'yan rassa kaɗan. Mai tauri yakan fitar da masu yawa, kowanne yana fashewa a ƙarshe kamar taurari. Na zubi kuwa gajeru ne, ja-ja, marasa haske. Wanda bai saba ba, ya riƙe guntun rodi da guntun tsohon magagari ya gwada su tukuna, ido zai koya nan da nan.

In ana son tabbaci, sai a yanki ɗan siririn yanki, a zuga shi a wuta ya yi ja, a tsoma a ruwa, a ɗora a uwar maƙera a buga. Mai taushi zai lanƙwashe. Mai tauri zai karye kamar gilashi. A kawar da fuska, gama ɓarɓashinsa yana tashi.

Akwai wani abu kuma game da sifirin. Mota ba ta yar da shi sai ya gaji, kuma gajiyar ƙarfe tsaga ce siririya wadda ido ba ya gani, yawanci kusa da hudar tsakiya. A rataye shi a ƙwanƙwasa: lafiyayye yana amo mai tsawo, tsagagge kuwa muryarsa a dushe take. Ko kuwa a wanke shi da kananzir, a goge tas, a shafa alli, a ɗan jira. Inda tsaga take, kananzir zai fito ya ja layi a jikin allin. Wanda ya ƙera baki da tsagaggen sifirin, ranar da ya gamu da kututture ko dutse za a ga aikinsa.

Samun ƙarfe mai kyau rabin aiki ne, sauran rabin yana ga wuta. Bayan ƙira, akan zuga baki har ya yi ja sosai, wajen digiri 800. Alamarsa mai sauƙi ita ce maganaɗisu ya daina kama shi. Sa'an nan a tsoma. Sifirin ya fi son mai bisa ruwa, domin ruwa yana sanyaya shi da gaggawa har ya tsage. A nan ne masu gaggawa ke tsayawa, alhali ƙarfen ya yi tauri amma ya zama mai saurin karyewa. Wajibi ne a goge shi ya yi fari, a sake ɗumama shi a hankali ana kallon launi. Zai fara yin launin busasshen kara, ya koma makuba, ya koma shuɗi. Wuƙa da lauje suna son a tsaya da wuri don kaifi. Bakin garma da fartanya, masu gamuwa da dutse, gara a bar su su kai makuba ko shuɗi. A wannan fanni maƙerin gargajiya mai zuga-zugi da gawayin ƙirya ya fi yawancin masu walda sani nesa ba kusa ba. Inda aka fi samun kaya masu kyau shi ne inda su biyun suka haɗa hannu, mai walda ya yi ganga, maƙeri ya yi baki.

Inda Walda Ke Cin Amana

Mai walda wanda hannunsa ya saba da ƙofa yakan ɗauka duk abin da tsinke ya narka ya haɗu. Ba haka ba ne. In aka yi wa sifirin walda yana da sanyi, gefen ɗinkin yakan yi zafi ya huce farat ɗaya, daidai da an tsoma shi a ruwa. Wurin sai ya yi tauri ya tsage. Wani lokaci a ji ƙas tun yana kan benci, wani lokaci kuwa sai an kai gona. In manomi ya duba karayar zai ga ba ɗinkin ne ya rabu ba, ƙarfen da ke gefensa ne. Wannan alama ce ta cewa an yi aikin da sanyi.

Maganinsa shi ne a ɗumama ƙarfen tukuna, kamar digiri 200 zuwa 300, a yi amfani da tsinke mai lamba 7018 wanda aka ajiye a bushe, ba 6013 na aikin ƙofa ba, in an gama kuma a binne shi cikin toka ko busasshen rairayi ya huce a hankali. Kada a zuba masa ruwa don a yi saurin miƙa wa mai shi. Amma abin da ya fi duka shi ne kada a yi waldar sam. Duk abin da ke cinyewa, kamar bakin garma da haƙoran injin sussuka da wuƙaƙen injin yanka ciyawa, a ɗaure shi da noti. In ya cinye manomi da kansa zai kwance ya sa wani a gindin bishiya, ba sai ya ɗauko garma ɗungum ya shigo birni ba. Notin ma a duba kansa. Wanda aka buga wa 8.8 ya fi mai 4.6 ko wanda ba shi da lamba ƙarfi sosai. Na bakin garma kuma kansa ya nutse daidai da ƙarfen, in ya yi tsini ƙasa za ta cinye shi, tana kuma maƙalewa a wurin.

Ƙarfen zubi in ya fashe, gaskiyar magana sau da yawa gara a nemi wani.

Sandar Inji Da Boris

Injin sussuka da na ɓarar gyaɗa da na niƙa, ransu yana ga sandar da ke juyawa a tsakiya. Ita ba aikin guduma ba ce, aikin injin feƙe ƙarfe ne, wanda ke juya ƙarfe ana sassaƙarsa har ya zo daidai awo. Nan ma akwai ha'inci na rashin sani. Wasu sukan ɗauki rodin gini mai kauri su feƙe. Rodi kuwa daga narkakken gwangwan yake, wani wurin taushi wani wurin tauri, ba a kuma yi shi don ya miƙe sak ba. Sandar ƙafar mota ta fi shi nesa, sai dai bayanta a taurare yake, tilas a gasa ta a binne cikin toka ta kwana kafin ta feƙu. Wanda ke da hali ya sayi sabuwar sanda mai santsi ta aikin inji, a yanka masa gwargwadon bukata.

Wurin zaman boris shi ne ma'aunin gwanintar mai feƙewa. In boris ya shiga da sauƙi yana girgiɗi, sandar za ta riƙa cin kanta. In kuma sai da aka dake shi da guduma ya shiga, an kashe shi tun bai fara aiki ba. A sayi boris tukuna a kai wa mai feƙewa ya auna da shi, kada a yi akasin haka. Kafin a biya kuɗin inji, a cire bel a juya gangar da hannu a sake ta. In kullum wuri guda take komawa ta tsaya, gefe ɗaya ya fi nauyi, kuma wannan injin zai yi ta rawa har ya kwance notinsa ya tsage waldarsa. Sa'an nan a tayar da shi a gwada da damin dawa ko buhun gyaɗa na gaske. A ɗora hannu a gidan boris bayan ɗan lokaci, in ba ya taɓuwa don zafi akwai magana. A danna fallen jikin da babban yatsa, in yana lotsawa kamar gwangwanin madara, ba zai ga kaka uku ba. Mai ƙira na kirki ba ya jin haushin wannan gwaji, shi ma talla ce a gare shi.

Abin Da Ba A Saye

Ƙarfen dogo yana da kyau ƙwarai, amma dukiyar Gwamnati ce, kuma ana kama masu kwance shi da masu saye. Haka murfin kwalbati da ƙarfen gada da na turakun lantarki. Arhar da za ta kai mutum gaban alƙali ba arha ba ce. Durom da ya taɓa ɗaukar fetur kada a kusa da shi da wuta ko da ya shekara a bushe, gama tururin da ya rage a ciki ya isa ya fasa shi. Wanda ya ɗauki maganin ƙwari kuwa kada a yi mazubin hatsi ko kwamin shayar da shanu da shi. Bututun ruwa mai farin shafe, hayaƙin waldarsa yana sa zazzaɓi, a yi shi a fili inda iska ke kaɗawa.

Akwai wanda ya fi waɗannan muni. A watan Yuni na 2025 wani abin fashewa na yaƙi da ya shigo cikin lodin tsoffin ƙarafa ya tashi a gabashin birnin Kano, mutum biyar suka rasu, wasu suka ji rauni, har Gwamnatin Jiha ta tsayar da shigo da gwangwan daga arewa maso gabas na wani lokaci. Duk wani dunƙulen ƙarfe rufaffe wanda ba a san ko mene ne ba, kada a buga, kada a yanka, kada a sa a wuta. A bar shi inda yake a sanar da hukuma.

Lokacin Ciniki

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Daga watan Mayu zuwa Yuni kowane maƙeri da mai walda aiki ya yi masa yawa, sifirin ya yi tsada, ga wutar lantarki ba tabbas, sai janareta, kuɗin mansa kuma a kan manomi zai faɗa. Lokacin da ya dace shi ne bayan an gama kaka, daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da akwai kuɗin amfanin gona a hannu, mai ƙira kuma yana da sukunin zuwa Ƙofar Ruwa ya zaɓo ƙarfe a tsanake. Injin sussuka kuwa akasin haka, da damina ake ba da aikinsa.

Manomi ya tafi da tsohon bakin garmarsa, ko garmar kanta, domin garmunan yanzu hannuwa da yawa suka ƙera su, hudar wannan ba ta zama daidai da ta wancan. A yi magana a fili tun farko: baki na sifirin ne, za a taurara, za a gwada da magagari kafin fenti. In zai yiwu ma a ce a bar fentin, manomi ya shafa baƙin mai da kansa. Manoman ƙauye guda in suka haɗa kuɗi suka sayi sifirin a kan kilo suka kai wa maƙeri guda, za su sami sauƙi, kuma za su san abin da aka sa musu. Kowa ya yi baki biyu, da noti na ajiya, ya rataye ɗaya a rumbu. In an gama huɗar bana kuma, a kankare ƙasar da ke jikin garma, a shafa mata mai, a ɗaga ta daga ƙasa a jingine a inuwa, a kwance bakin a duba ko zai kai baɗi.